Gawa a Gwangwan, Saƙo Daga Legas

Ranar Lahadi da hantsi, Insfekta Zubair Ilu yana zaune a ofishin 'yan sanda na Rogo, ya tasa shayi da burodi a gaba, sai ga wani dattijo ya faɗo babu ko sallama, hula a hannu, ƙafafu duk taɓo.

"Ranka ya daɗe, mutum! Mutum a cikin rakena!"

"Ɓarawon rake ka kama, Baba?"

"Ina ma ɓarawo ne. Gawa ce."

Duk ofishin an san Insfekta ba ya son a shiga tsakaninsa da karin kumallo, har kurata kan jira ya lashe cokali kafin su kawo masa magana. Amma ranar ko kurɓa ta biyu bai yi ba. Ya ƙwala wa Kofur Habiba kira, suka sa dattijon a mota suka ɗauki hanya.

Sunan dattijon Malam Hamma. Gonarsa tana wajen Gwangwan, a bakin wata hanyar burji da masu babur kan yanke in za su Karaye. Wari ne ya ja shi cikin raken, yana zaton akuyar wani ce ta mutu.

Saurayi ne, sanye da sabon kaftani ruwan toka. Fuskar ta kumbura har ba ta ganuwa, ga rauni a ƙeya. Babu waya, babu jaka, aljihu wayam. Can bakin hanya, a gefen simintin kwalbati, Insfekta ya ga busasshen jini, da alamar an ja abu mai nauyi zuwa cikin gona.

Ya tsuguna ya duba hannuwan. Ƙaramin yatsan hagu guntu ne, kuma tsohon tabo ne, ba na jiya ba. Da ya ɗaga kaftanin sai ya ga wata koriyar riga a ciki, an buga mata rubutu a ƙirji: Mudun Gaskiya.

"Mene ne kuma Mudun Gaskiya?"

Kofur Habiba ta leƙo, ta dafe baki.

"Yallaɓai, shafin intanet ne. Shi ke gaya wa manoma farashin hatsi a kasuwanni kafin su kai kayansu. Wani yaro ɗan Jajaye ne mai shi, Haidar Abdulmutalib. Amma ai yana Legas, wajen wani babban taro na masu ƙera shafuka. Jiya jiyan nan na ga hotunan da ya sa."

"Jiya?"

"Wallahi jiya, yallaɓai."

Insfekta ya sake kallon gawar. Ba sai likita ya faɗa ba, wannan ta kwana biyu a nan.

Da la'asar suka isa Jajaye. Gidan marigayi Malam Abdulmutalib ba ɓoyayye ba ne, kowa ka tambaya sai ya nuna maka da fara'a, ya ƙara da cewa ai ɗan gidan yana Legas yana ɗaga sunan gari. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Mahaifiyar Haidar, Inna Laure, ta fito tana ɗingisa ƙafa, 'yarta Ihsan na riƙe da ita. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da aiki, Insfekta yana amsawa zuciyarsa na masa nauyi.

"Inna, yaushe Haidar ya yi tafiya?"

"Ranar Juma'a, bayan an sauko," in ji Ihsan da sauri.

Tsohuwar ta taɓa hannunta. "Faɗa masa gaskiya, hukuma ce. Alhamis ya tafi, ana idar da sallar asuba. Mun ce wa gari Juma'a ne saboda baki. Yaro zai je inda ba a taɓa zuwa ba a danginmu, sai in yi ta shela?"

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen Insfekta. Shi kansa ranar da zai tafi kwalejin 'yan sanda, uwarsa ce wa maƙwabta ta yi asibiti za shi.

"Wa da wa suka san Alhamis ce?"

"Ni, da wannan, sai ɗan'uwansa Sunusi. Ɗan yayana ne, ni na riƙe shi tun yana maraya, tare suka tashi da Haidar, tare suke aikin kwamfutar. Shi ya so ya raka shi, to sai aiki ya taso masa a Zariya, tun Laraba ya tafi. Haidar ya ce zai tari mai babur a bakin hanya."

"Kun yi magana da shi tun da ya tafi?"

Ihsan ta miƙo waya. Saƙonni ne jere. Na iso lafiya. An ba mu masauki. Ga hoton wata doguwar gada a kan ruwa, ga hoton babban zaure cike da kujeru, ga katin shiga taro da sunan Haidar ɓaro-ɓaro. Insfekta ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ɗaya mai fuska.

"Kin ji muryarsa?"

"In na kira ba ya ɗauka, sai ya rubuto wai suna cikin taro."

Can ƙasa ya ga saƙon da Ihsan ta aika ranar Juma'a: Inna ta ce ka taho mata da ruwan teku a gora, an ce maganin ciwon gwiwa ne. An amsa da cewa: To, in sha Allah.

Ya mayar mata da wayar. Akwai tambayar da ɗan sanda ke ƙin yi, amma dole sai ya yi ta.

"Haidar yana da wata alama a jiki?"

"Ƙaramin yatsansa na hagu," in ji Ihsan. "Injin casar masara ya cinye kansa tun yana..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta kalli Kofur Habiba, ta ga ta sunkuyar da kai. Ihsan ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa, tana innalillahi.

Insfekta ya yi bayani a hankali, yana zaɓen kalma. Inna Laure ta saurare shi har ya gama, ko gezau.

"Yaro, ka ce ta kwana biyu a gona?"

"Haka muke gani, Inna."

"Gawa tana rubuta saƙo?"

Ta kawar da kai.

"To ɗana yana Legas. Da safen nan ya rubuto. Ku je ku nemi iyayen wancan, Allah ya ji ƙansa."

Ta dafa bango ta miƙe ta shige gida. Insfekta ya sa Ihsan ta kira lambar Haidar nan take. Wayar a kashe.

Washegari likita ya tabbatar da cewa mutuwar tun ranar Alhamis ce, kuma raunin ƙeya ne ajali. Ihsan da limamin unguwa suka ga hannun suka shaida. Aka yi wa Haidar sutura aka kai shi, garin Jajaye kaf ya fito, mutane na tafe suna kallon juna kamar waɗanda aka tasa daga barci.

Inna Laure kuwa ta ƙi karɓar gaisuwa. Mata suka cika tsakar gida, ita tana ɗaki ta juya musu baya. Duk wadda ta leƙa ta ce ya haƙuri, sai ta ce, "Haƙurin me? Ɗan wasu kuka binne. Nawa yana hanya, na aike shi." Dangi suka fara tsoron kada ta zautu.

Abin ya tsaya wa Insfekta a rai. Ya aika takarda hedikwata a Kano a bi sawun wayar, amma ya san wannan sai an jira. Tsohuwar nan kuwa ba za ta yi kukan ɗanta ba sai an nuna mata hannun da ke rubuto mata saƙo.

Kafin a watse daga maƙabarta ma samari sun yanke hukunci. Sunan mutum ɗaya ke yawo a bakinsu: Ɗanmaliki, babban dillalin hatsi na Karaye. Tun da shafin ya fito, manoma suka daina sayar da masara a makance, dillalai suka ji a jikinsu. An ji Ɗanmaliki a tsakiyar kasuwa yana cewa yaron nan sai ya ga abin da zai ture wa buzu naɗi. Insfekta ya ga in bai riga samarin isa ba, gawa za ta zama biyu.

Ya same shi a rumfarsa a Unguwar Hajji, ƙato mai tumbi, yana ta share gumi alhali ba rana ake ba.

"Alhaji, ka san Haidar zai yi tafiya?"

"Ni? Ina ruwana da tafiyarsa? Ban ma san zai je ko'ina ba."

"To me ka je yi tasha ranar Juma'a?"

Ɗanmaliki bai san Insfekta ya biya ta tashar ba, ɗan kamasho ya ba shi labari har da ƙari: Alhaji ya zo tun saukowa daga masallaci, da ƙunshin kilishi a hannu, yana leƙa kowace motar Kano yana tambayar ɗan Jajaye, har magariba, sannan ya tafi yana tsaki.

"Ranka ya daɗe, don Allah rufa min asiri."

"Ina jin ka."

"Guzuri na kai masa. So nake ya sa rumfata a shafin nan nasa. Masu saye daga Kano duk can suke dubawa yanzu, ni kuwa ina nan ina zagin abin, kasuwa na wuce ni. To ni na zuga sauran dillalai a kansa, da wane ido zan je gidansu da rana tsaka? Na ce bari in tare shi a tasha."

"Wa ya ce maka Juma'a zai tafi?"

"Duk gari haka aka sani."

Insfekta ya ƙare masa kallo. Mutumin da ya kashe yaro ranar Alhamis ba zai wuni a tasha ranar Juma'a yana rungume da kilishi ba. Ɗanmaliki baki ne da shi kamar ganga, amma ƙaryar Inna Laure ta kama shi kamar yadda ta kama kowa.

"Ka rufe rumfa ka zauna a gida kwana biyu, Alhaji. Kuma ka koyi tauna magana."

A mota Kofur Habiba ta nemo lambar masu shirya taron a shafinsu. Aka yi ta miƙa su daga wannan zuwa wancan, har aka haɗa su da wata 'yar Kano mai suna Siddiqa, wadda ke kula da baƙin da suka zo daga Arewa.

"Haidar na Mudun Gaskiya? Ai ya zo, yallaɓai. Ni na haska lambar shigarsa a wayarsa, na ba shi kati. Ranar Asabar ya yi jawabi."

Insfekta ya gyara zama. "Ya yi jawabi? A gaban mutane?"

"Ƙwarai. Lafiya dai?"

"Kin taɓa ganinsa kafin ranar?"

"A'a, ta saƙo muka yi komai."

"Kwatanta min shi."

"Siriri ne, ya sa takunkumin fuska wai mura yake yi. Da farko har tausayi ya ba ni, murya na rawa, ba ya iya kallon mutane. Amma da aka zo tambayoyi, wani ya ce yaya shafin ke buɗewa a ƙauyen da intanet ba ta da ƙarfi, sai yaron nan ya zama wani mutum daban. Ya warware musu abin tun daga tushe. Zauren kaf aka miƙe ana tafi."

"Hajiya Siddiqa, yau muka binne Haidar. Tun Alhamis ya rasu."

Sai aka ji ta tana salati. Ta yi alkawarin nemo hoton bidiyon, amma ta ce mai ɗaukar sai ƙarshen mako zai kawo.

Insfekta ya kashe wayar ya daɗe yana kallon titi. Da farko ya ɗauka ɗan fashi ne ya yi shigar mai babur, ya kashe yaro ya kwashe kaya, yana aika saƙo don ya sayi lokaci. To amma wane ɗan fashi ne zai hau mota har Legas, ya hau dandamali ya yi bayanin cikin shafin intanet?

"Habiba, Haidar mai jin kunyar taro ne?"

"Haidar? Yallaɓai, ai shi ke yi wa manoma bayani a kasuwa da lasifika. Ko aku ya san da zamansa."

"To wa ya san cikin shafin nan ban da shi?"

Su biyun sun san amsar, kuma babu wanda ya so ta.

Ranar Talata da safe Sunusi ya dawo. Matarsa Ummulkhair ce ta kira shi tun Lahadi ta gaya masa, ya ce jiri ya kwashe shi da jin labarin, sai da aka ƙara masa ruwa a Zariya, shi ya sa bai samu jana'iza ba. Insfekta ya tarar da shi a ƙofar gida cikin masu zaman makoki, siriri, ido jawur, dattawa na ta ba shi baki. Kukansa ba na ƙarya ba ne, wannan kam Insfekta ya gani.

Ya ja shi gefe, ƙarƙashin wata darbejiya.

"Ya haƙuri, Malam Sunusi."

"Haƙuri sai ma'aiki, yallaɓai."

"Me ka je yi Zariya?"

"Wata makaranta na je haɗa wa kwamfutoci."

"Wace makaranta?"

"Sabuwa ce, a Tudun Wada. Ba su ma kafa allo ba."

"Wa ya ba ka aikin?"

"Wani ne ya haɗa mu. Lambarsa na ɗaya wayar, ta lalace."

"Tsakaninka da Haidar, wa ya ƙera shafin?"

"Tare muka yi."

"Ina babur ɗinka?"

"Yana Kano, wajen gyara."

Kowace amsa da ƙofarta a rufe. Biri ya yi kama da mutum, amma kama ba hujja ba ce, kuma ba a ɗauke maraya daga makokin ɗan'uwansa a kan zato. Insfekta yana cikin tunanin tura mutum Zariya sai ga Kofur Habiba ta fito daga cikin gida, inda ya sa ta zauna da mata. Tafiya take kamar mai ɗauke da ƙwai, a hannunta gorar roba.

"Yallaɓai, zo ka ji."

Suka koma zaure. Ta aika aka kira Ummulkhair, yarinya mai sanyin hali, ta zo ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malama, wannan gorar fa?"

"Ta Gwaggo ce, ranka ya daɗe. Da ya dawo na buɗe jakarsa zan fitar da wanki, na gan ta a ƙasan kaya. Na ɗauka ruwan sha ne, har zan zuba a randa, ya daka min tsawa ya ce in ajiye, maganin gwiwar Gwaggo ne. Da ya fito, na ce tsarabar tsohuwa ba ta kwana a ɗakina, ga ta ba ta ci ba ta sha, ko wannan zai sa ta ji sanyi. Shi ne na taho da ita. Na yi laifi?"

"Kin ba ta?"

"Kofur ce ta karɓa kafin in shiga."

Insfekta ya ɗaga gorar ya kalli haske. Ruwa ne garau, amma a gindinta farin yashi ya kwanta, da wani ɗan guntun ɓawon kodi. Ya buɗe, ya ɗiga a tafin hannu, ya lasa. Gishiri ya gauraye masa baki.

Ya yi shekaru yana wannan aiki, ya ga mai kisa ya ɓoye wuƙa a rufin masallaci, ya ga wanda ya yi kuka ya fi uwar mamaci. Bai taɓa ganin irin wannan ba.

"Kira min Sunusi."

Sunusi ya shigo, idonsa ya faɗa kan gorar, ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Malam Sunusi, yaushe aka yi teku a Zariya?"

Insfekta ya nuna masa gorar.

"Saƙon ruwan nan waya ɗaya aka aika wa, wayar Haidar, ranar Juma'a. Ranar nan Haidar yana kwance a gonar rake. Wa ya karanta saƙon? Wa ya ce to, in sha Allah?"

Sunusi ya kalli matarsa. Ita kuwa kallonsu take ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane komai ba tukuna. Ya zube a kan tabarma.

"Gwaggo ce ta aike ni," ya ce da wata irin murya. "Tun da nake ban taɓa dawo mata hannu rabbana ba. Na je bakin ruwan ne kawai, ban san lokacin da na cika gorar ba. A hanya na yi niyyar jefar da ita, na kasa."

Ummulkhair ta ƙwala ƙara ta yi cikin gida da gudu.

"Faɗa min tun daga farko."

"Ban je Zariya ba. Mutum ɗaya aka gayyata, kuma sunan Haidar aka sa, don shi ke magana da mutane. Na ce ba komai. Amma na kasa jure ganin ana ta shirya masa kaya, shi ne na ƙirƙiri tafiya na kwana a shagon wani abokina a Rogo. Da asuba zuciyata ta ce, ɗan'uwanka zai yi tafiya mafi girma a rayuwarsa, kai kana ɓuya? Na hau babur na same shi a bakin hanya. Ya yi murna, wallahi ya yi murna."

"Sai me?"

"A hanya na ce ya karanta min jawabin. Yana bayana yana karantawa, na ƙirƙira, na gina, na gwada. Har ya kai ƙarshe babu sunana. Yallaɓai, ni na rubuta shafin nan layi layi. Shekara biyu ina kai wayata caji kasuwa, ina aiki da tsohuwar kwamfutar da sai an ɗaure ta da roba. Na tsayar da babur a kwalbati na ce, ina ni? Ya yi dariya ya ce, kai da ko gaisuwar suruki sai ka yi gumi, me za ka yi da suna a Legas? Wasa yake yi, na san wasa yake yi. Na hankaɗa shi. Sau ɗaya."

Ya rufe fuska da hannu biyu.

"Sai ka ja shi cikin rake, ka ɗauki jakarsa."

"Na rasa inda zan sa kaina. In na dawo gida me zan ce? Ga tikitin mota a wayarsa, ga komai. Na ajiye babur a Kano na hau. Na ce in ana ganin saƙo ba za a nema ba. Wayar da kwamfutar suna cikin buhun dusa a ɗakina."

"Ka samu abin da kake so? An ce an tafa maka."

Sunusi ya ɗago, hawaye har haɓa.

"An tafa. Zauren duka aka miƙe. Suna ta kiran Haidar, Haidar."

Insfekta ya ciro ankwa. A waje an fara jin hayaniya, labari ya fita, ya ce wa Habiba ta sa direba ya kawo mota daf da ƙofa. Sai ya ji jan ƙafa daga cikin gida.

Inna Laure ce, ita kaɗai, tana dafa bango. Ta tsaya a ƙofar da ta haɗa zaure da tsakar gida. Ta kalli gorar da ke kan tabarma, ta daɗe tana kallonta, sannan ta kalli yaron da ta goya.

"Sunusi."

"Na'am, Gwaggo."

"Kai ke rubuto min?"

"Ni ne, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai a hankali. Insfekta ya zaci za ta yi tsinuwa, ko ta faɗi, har ya matsa don ya tare ta. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Abu ɗaya zan tambaye ka, kai kaɗai ke wurin. Ya samu ya yi kalmar shahada?"

Sunusi ya kifa goshi a ƙasa.

"Ban sani ba, Gwaggo. Da sauran numfashinsa na baro shi."

Kofur Habiba ta juya ta fuskanci bango. Insfekta da kansa sai da ya runtse ido. Ya sa wa Sunusi ankwa, ya ɗaga shi, suka ratsa ta cikin mutanen da suka yi cirko-cirko a ƙofar gida, ba mai iya ko ɗaga hannu. Dattawan da suka wuni suna ba shi haƙuri suka dare suka ba su hanya.

Insfekta yana tura Sunusi cikin mota ya ji muryar tsohuwar daga tsakar gida, a shaƙe, tana kiran 'yarta.

"Ihsan, shimfiɗa min tabarma a waje. Ki ce wa mata su shigo su yi min gaisuwa. Haidar ya rasu."